Kai da ruwa, Babana?

A gidanmu na cikin birnin Kano, laifi uku ne Hajiya ba ta jiran mahaifinmu ya dawo daga kasuwa kafin ta yanke hukunci a kansu: ƙarya, gudun makarantar allo, da zuwa bakin kududdufi. Na ukun shi ne babba. Akwai wani kududdufi a bayan layinmu, irin ramukan nan da aka ɗebi ƙasar gini aka bari, damina ta cika su, ruwan ya yi kore shar, kwaɗi na ta kuka da daddare. A daminar 1991, ina ɗan shekara 8, wani yaro sa'ana da muke makarantar allo ɗaya ya shiga bai fito ba. Na ga lokacin da aka ɗauko shi a tabarma bayan la'asar. Daga ranar Hajiya ba ta sake buƙatar bulala a kaina ba. Ruwa a wurina ya zama na sha, na alwala, sai na bokiti a banɗaki.

To, wannan yaron ne ya girma ya zama ma'aikacin jinya a wani asibiti a Leeds, a arewacin Ingila, ya yi tumbi, ya saba da shayi mai sukari cokali uku da biskit a aikin dare. A ƙarshen 2023 aka yi min gwajin jinin nan da ake kira HbA1c, mai nuna yadda sukarin jikin mutum ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ya fito 44. A ma'aunin da ake amfani da shi a nan, daga 42 zuwa 47 mutum yana bakin ƙofa ne, daga 48 kuwa ya shiga ɗakin. Ni da ke karanta wa marasa lafiya wannan lissafin kullum, ranar sai ga shi ana karanta min. Mahaifina ya yi shekaru yana fama da ciwon sukari kafin rasuwarsa, don haka ban tsaya yi wa kaina ƙarya ba.

Wani abokin aikina Bature, wanda kullum a keke yake zuwa asibiti ko ana ƙanƙara, shi ya jawo min wannan rigimar. Wani dare aiki ya lafa, ya nuna min bidiyon 'yan'uwan nan biyu, Alistair da Jonny Brownlee, 'yan yankin Leeds, a gasar da aka yi a Cozumel ta ƙasar Mekziko a 2016. Zafi ya ci ƙarfin Jonny ana dab da gamawa, yana tangaɗi kamar zai faɗi, sai wansa ya iso daga baya, ya rataya hannunsa a wuya, ya ja shi har bakin layi, ya tura shi ya tsallaka kafin shi. Na ce ɗan'uwa rabin jiki. Sannan na tambayi wace irin gasa ce wannan da ke mai da ƙato kamar ɗan maye.

Tirayatlon ake ce mata. Wasa uku ne a jere: iyo, tseren keke, sannan gudu, kuma agogo ba ya tsayawa tsakaninsu, har lokacin da ka ɓata wajen sa takalmi ana lissafa maka. A San Diego ta Amurka aka fara ta a sigar da aka sani yanzu, a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sydney a 2000. Ta Olamfik iyo ne na kilomita ɗaya da rabi, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai ta masu taurin kai da ake kira Ironman, iyo kilomita 3.8, keke 180, a rufe da gudun fanfalaki na kilomita 42. Abokina ya ce in manta da waɗannan, akwai gajera ta 'yan koyo: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Za a yi wata a wani tafki a nan Yorkshire ranar Lahadin ƙarshen watan Yuni. Ƙarfe uku na dare, lokacin da hankali ba ya jikin mutum sosai, na ciro kati na biya fam 65.

Da na faɗa wa maiɗakina da safe, ta ajiye kofin da ke hannunta ta dube ni. "Abbansu, kai da ko a shawa ba ka yarda ruwa ya rufe maka fuska?" Na ce ai shi ya sa. Ta ce, "Hajiya ta sani?" Na ce a'a, kuma in ta ji to daga bakinki ne.

A makon farko na Janairu na shiga ajin koyon iyo na manya a wani kwamin ninƙaya na ƙaramar hukuma, kowace Talata da yamma. Mu shida ne, kowa ya haura talatin, kowa na kallon ƙasa don kunya. Malamar tamu wata dattijuwa ce mai haƙurin gaske. Na zaci za ta fara da yadda ake wurga hannu. Ina! Ta tsayar da mu a inda ruwa ya kawo ƙirji, ta ce kowa ya tsoma fuska ya hura iska ta hanci har kumfa ta taso. Haka muka yi rabin awa, magidanta da matan aure, muna ɓulɓul kamar yara a baho.

Na daɗe ban gane hikimar ba, alhali a makarantar jinya an koya min ita. Abin da ke sa mutum ya ji kamar an shaƙe shi ba ƙarancin oksijin ba ne da farko, taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke son fitarwa ce. Ni kuwa da zarar fuskata ta taɓa ruwa sai in ƙunshe numfashi kamar mai ɓoye kuɗi. In na ɗago, a cikin daƙiƙa ɗaya nake son in fitar da tsohuwar iska in shaƙi sabuwa, lokaci bai isa ba, sai in haɗiyi ruwa, sai tari, sai in miƙe tsaye zuciya na dukan uku-uku. Gyaran shi ne ka riƙa fitar da iskar a hankali duk tsawon lokacin da fuskarka ke cikin ruwa, yadda in ka juyo aikinka ɗaya ne kawai, shaƙa. Faɗarsa minti ɗaya ce. Jikina sai da ya yi mako huɗu kafin ya yarda.

Matsala ta biyu ƙafafu. Nutsewa suke yi, in riƙa jan su kamar mai jan buhu. Har na fara gaskata zancen nan da ake yi cewa wai baƙin mutum ƙashinsa nauyi gare shi, ba ya tasowa a ruwa. Zancen banza ne. Duk wanda ya taɓa ganin Kabawa sun afka kogin Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu ya san ba a ƙashi matsalar take ba, a inda aka haifi mutum take da abin da aka hana shi yana yaro. Malamar ta nuna min cewa jiki a ruwa kamar sikeli yake: ka ɗaga kai, ƙafa ta yi ƙasa. Tsoro ke sa in ɗaga kai in ga inda na dosa. Ta ce in zuba ido a kan baƙin layin da aka zana a ƙasan kwamin, in zan shaƙi iska kuma in mirgina jikina gefe, kunne ɗaya na cikin ruwa, kada in ɗago kamar mai leƙen katanga. A mako na biyar na yi tsawon kwamin, mita 25, ban taka ƙasa ba. Na riƙe bango ina haki ina murna, sai lissafi ya faɗo min: mita 750 irin wannan sau 30 ke nan. Murnar ta koma ciki.

Akwai maganar sutura, wadda na san duk Musulmin da ya yi tunanin wannan wasa sai ta tsaya masa a rai. Kayan da 'yan gasar ke sawa matsattsu ne, wandon bai kai gwiwa ba. Ni dai na sayi dogon wandon iyo mai sauka har ƙasan gwiwa da riga mai hannu, a keke da gudu kuma in ɗora sakakken gajeren wando a sama. Ba wanda ya taɓa ce min uffan. Dokar gasar ma da kanta ta hana tsiraici a wurin sauya kaya, ta kuma hana namiji hawa keke ko gudu ƙirji a buɗe. Batun kauda kai kuwa, wanda ke ƙoƙarin kada ya nutse ba ya ganin kowa sai baƙin layi.

Gudu bai ba ni labari mai yawa ba. Na bi tsarin nan na mako tara da hukumar lafiya ta NHS ke da manhajarsa, Couch to 5K, wanda a makon farko gudun daƙiƙa 60 ne, tafiya daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa. Ƙwaurina ya yi ciwo, na sauya takalmi, ya daina. Daga baya na fara zuwa parkrun a Roundhay Park, gudun kilomita 5 da ake yi kyauta kowace Asabar ƙarfe tara na safe. Wani tsoho da ya yi jika da ni ya riƙa wuce ni a kan tudu ɗaya kowane mako, yana ɗaga min hannu.

Keke ne na shiga da girman kai. Ni da na koyi keke a wurin mai haya da 'yan kwabban da nake tarawa, na tuƙa Raleigh ɗin mahaifina ta ƙarƙashin sanda tun ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi ba, wa zai koya min keke? Na sayi na hannu, siririn nan mai lanƙwasasshen ƙaho, fam 180. Abin da na manta shi ne Kano shimfiɗaɗɗiya ce, Yorkshire kuwa tudu ne a kan tudu. Ranar da na nufi Otley na gamu da hawan Chevin, ban kai rabi ba na sauka na tura, motoci na wuce ni a hankali kamar masu yi min jaje. Abokina ya duba ya ce laifi biyu ne. Sirdin ya yi ƙasa, ya ɗaga shi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka. Sannan ina taka giya mai nauyi don ina ganin ita ce ta maza. Ya ce in sassauta giya ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, kamar sau 80 zuwa 90 a minti, don in na ƙone cinyoyina a keke, da me zan yi gudu?

Kuma a nan babu mai faci a gindin bishiya. Taya ta sace, kai ne mai faci. Na zauna a tsakar falo na cire tif na mayar sau biyar har hannuna ya saba, maiɗakina na tsaye tana kallon baƙin man da na goga wa kafet. Takalman nan masu maƙalewa a feda kuwa ban saya ba, kuma ban yi nadama ba. Wannan wasa yana da 'yan kasuwa masu daɗin baki, za su nuna maka keken da ya fi motarka tsada su ce shi zai rage maka minti biyu. Wanda tumbinsa ke taɓa cinya in ya sunkuya, ba a keke mintinsa biyu suke ba.

Ana cikin haka azumi ya kama, 11 ga Maris. Na san ba zan ƙara ƙarfi a watan ba, burina kawai kada abin da na tara ya zube. Iyo da rana na ajiye shi gaba ɗaya, don ɗan koyo irina ba ya shiga ruwa ya fito bai haɗiyi rabin kofi ba. Na koma zuwa sau ɗaya a mako da daddare bayan buɗa baki, ranar in yi tarawihi a gida. Gudu kuma na mayar da shi rabin awa kafin magariba, a hankali, yadda zan ƙare a ƙofar gida dabino na jira. Sau ɗaya na yi gangancin fita da azahar bayan aikin dare, jiri ya ɗebe ni, na zauna a kan wani dakali na kusa rabin awa ina istigfari. Ban sake ba. Na kuma koyi cewa wanda ya cika ciki da ƙosai da kunun gyaɗa ba shi da abin da zai yi a ruwa sai nadama. Aka yi Sallah 10 ga Afrilu, saura mako goma sha ɗaya.

Bayan Sallah na fara haɗa biyu a jere, in sauka daga keke in kama gudu nan take. Ranar farko na zaci wani abu ya same ni. Ƙafafun kamar na aro, ina taka ƙasa ba na jin ta, gwiwa na lanƙwashewa inda ban sa ta ba. Tsokokin sun yi kusan awa suna juya feda, ka ce su koma ɗaukar nauyin jiki, sai sun yi gardama. Maganinsa maimaici ne: kowace Lahadi keke minti 40, gudu minti 10, da gajerun taku har ƙafa ta dawo hayyacinta. Sauya kaya ma sai da na yi atisayensa a bayan gida. Na shimfiɗa tawul, na jera hular kwano da takalmi, 'yata na riƙe da waya tana ƙirga daƙiƙoƙi tana ihu, "Abba, ka manta hula!" Maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga, ta saki labule.

A lokacin ina iya yin tsawon kwami 30 ba tsayawa, a hankali dai kamar kunkuru. Na fara jin kaina. Sai watan Mayu ya zo, aka buɗe wani tafki da ake barin mutane su yi iyo a ƙarƙashin kulawar masu ceto, na je gwaji.

Ruwan digiri 13 ne ranar. A dokar hukumar wasan ta Birtaniya, in ruwan gasa ya yi sanyi irin haka dole ne a sa rigar roba, baƙar nan mai kama jiki daga wuya har idon sawu. Na yi hayar ɗaya ta kakar gaba ɗaya. Na yi minti goma sha biyar ina kokawa da ita a bayan mota, na fito ina taƙama, wani ya matso ya raɗa min cewa zif ɗin a baya yake zama. Na koma na sake. Rigar tana da amfani biyu, tana riƙe ɗumi, tana kuma ɗaga mutum sama kamar gora, har ƙafafun nan nawa masu nutsewa suka taso.

Amma ba wanda ya shirya ni wa abin da na gani da na tsoma fuska. Babu baƙin layi. Babu bango. Babu ƙasa. Ruwa ne kore mai duhu, ko tafin hannuna ba na gani sosai, ga wata ciyawa da ta shafi yatsuna. Launin ruwan kududdufin bayan layinmu ne sak. Sanyin ya daki fuskata, numfashina ya ƙwace, na riƙa shaƙa ba na iya fitarwa, rigar ta zama kamar an ɗaure min ƙirji da igiya. Na san sunan abin a likitance, na san cewa ruwan sanyi na sa jiki ya yi wannan zabura a minti na farko ko na biyu sannan ya lafa. Sanin bai hana ni ganin tabarmar nan ba. Ban fi mita 40 daga gaɓa ba na tabbata ajalina ne ya kawo ni Ingila.

Abu ɗaya na tuna cikin abin da aka faɗa mana kafin mu shiga: in ka rikice, ka juya rigingine ka buɗe hannuwa. Na juya. Rigar ta riƙe ni. Na ga sama, na ga gajimare, na ji kaina ina ta maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil da ƙarfi. Wani saurayi ya matso da ƙaramin kwalekwale ya ce in kama bakinsa in huta, ba gaggawa. Ya tambaye ni karo na farko ne? Na gyaɗa kai. Ya ce kusan kowa haka yake yi. Na fito, na zauna a mota da rigar a jikina na fi rabin awa, hannuna na rawa a kan sitiyari. A raina na gama da gasar. Fam 65 ba za ta sa in mai da 'ya'yana marayu ba.

Maiɗakina ce ta hana. Ni na zaci za ta yi murna. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ka nutse?" Na ce a'a. "Rigar ta riƙe ka?" Na ce ta riƙe. Ta ce, "To ka koma ranar Asabar, mu ma za mu bi ka mu zauna a bakin ruwan. In ka bari yanzu, tsoron da za ka dawo da shi ya fi wanda ka tafi da shi."

Na koma. Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na tsaya inda ruwa ya kawo ƙugu, na ja wuyan rigar na bar ruwa ya shiga ya ɗumama a jikina, na wanke fuska sau da yawa kamar mai alwala, sannan na koma darasin ranar farko: tsoma fuska, hura kumfa, ɗago, sake tsomawa, har numfashi ya daidaita. Sai na yi wurgi goma na tsaya, na yi ashirin na tsaya. Na rufe ido a cikin ruwan tunda ba abin gani, in buɗe in na juyo shaƙar iska. Daga baya na koyi duba hanya, don a tafki in ba ka duba ba sai ka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Bayan kowane wurgi shida ko takwas ka ɗan ɗago idanu kawai saman ruwa, irin na kada, ka nemi babbar balan-balan ɗin da aka kafa alama, ko wata doguwar bishiya a bayanta, ka mayar da fuska. Sau bakwai na je tafkin nan kafin ranar gasa. Ban taɓa jin daɗin minti biyun farko ba, har yau. Na dai san suna wucewa.

Babbar Sallah ta faɗo 16 ga Yuni, mako biyu kafin gasar, na ci naman layya da lissafi, abin da ban taɓa yi ba. Makon ƙarshe na rage atisaye sosai don jiki ya huta. Shawarar da kowa ya ba ni ɗaya ce: ranar gasa kada ka gwada sabon abu, ko takalmi, ko abinci, ko safa.

Ranar na yi asuba, na sha kunun oats da ayaba tun saura awa uku, muka ɗaura keke a mota. A wurin rajista aka rubuta min lamba a bayan hannu da alƙalami mai kauri, aka ba ni hular roba mai launin rukunina, da 'yar na'urar ƙirga lokaci da ake ɗaurawa a idon sawun hagu don kada ta shiga sarƙar keke. Na rataye keken a inda lambata take, na ƙirga layuka daga ƙofar da za mu shigo daga ruwa, na huɗu ne, kusa da wata tuta. Wanda bai yi wannan ba zai fito daga ruwa ya tarar da kekuna ɗaruruwa duk kama ɗaya. Ruwan digiri 18.

Da aka busa ƙaho na bar su suka tafi. Na tsaya a baya ta gefe, na ƙirga goma, sannan na bi. Duk da haka wani ya harbe ni a fuska wajen balan-balan ta farko, inda kowa ke matsowa don ya yanke kwana, gilashin idona ya goce ruwa ya shiga. Na ji abin nan ya taso daga ciki. Na koma iyon kwaɗo, kai a sama, na gyara gilashin, na hura iska sau uku da gangan, na mayar da fuska. Daga nan ban san yadda aka yi ba sai na ji yatsuna sun taɓa laka. Minti 24. Wani ɗan sa kai ya kamo hannuna ya miƙar da ni, duniya na juyawa, na ji muryar 'yata daga cikin taro tana kiran Abba.

A wurin sauyi na ɓata minti 6, abin da gwanaye ke yi a ƙasa da minti ɗaya. Rigar ta maƙale a dunduniya, sai da na zauna daɓas a ciyawa na ja ta da hannu biyu. Safa ta ƙi shiga jiƙaƙƙiyar ƙafa. Na dai tuna dokar da ba a sassautawa: ka sa hular kwano ka ɗaure igiyarta kafin ka taɓa keke, kuma ba ka hawa sai ka tura shi ka wuce layin da aka zana. A kan hanya ma akwai doka, ba a laɓewa a bayan wani don ya tare maka iska. A lokacin, tazarar mita 10 ake bari, in za a wuce mutum kuma daƙiƙa 20 ake da su. Wannan ba ta dame ni ba, don yawanci ni ake wucewa. Amma na wuce mutum bakwai, na ƙirga su, ɗaya ma a kan keken da na san kuɗinsa ya ninka nawa sau goma. Allah Ya yafe min daɗin da na ji. Minti 49.

Gudun kuwa wahala ce tsantsa. A kilomita na biyu sharaɓata ta dama ta ɗaure, na yi tafiya har wurin ba da ruwa, na sha, na zuba saura a ka, na ci gaba da ɗan sassarfa. Wata mata da ta girme ni ta jera da ni, ba mu ce wa juna komai ba, muka riƙa taku ɗaya har kwanar ƙarshe, inda ta ga 'ya'yanta ta bar ni a nan. Minti 34. Jimilla, da minti biyun sauyi na biyu, awa ɗaya da minti 55. Na zo na 212 cikin mutum 240 da suka gama. Aka rataya min lambar yabo irin wadda ake ba duk wanda ya tsallaka layi. A watan Satumba aka sake gwajin jinin, ya fito 39.

Da yammacin ranar gasar na kira Hajiya ta bidiyo. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Na nuna mata lambar, na yi ta kewaye-kewaye a kan keke da gudu, daga ƙarshe na ce akwai kuma iyo, a tafki. Ta yi shiru har na zaci layin ne ya yanke.

"Kai da ruwa, Babana?"

Na ce ni da ruwa, Hajiya.

"Mai zurfi?"

Na ce ƙafa ba ta taɓa ƙasa.

Ta ce, "Allah Ya shirye ka," ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Bayan mako biyu ƙanwar tawa ta turo min saƙon murya tana dariya har tana shaƙewa. Wai Hajiya ta sa an wanke hoton da nake riƙe da lambar, ta ajiye shi a kan firij, duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna mata ta ce Babana ne, ya yi tsere da Turawa a cikin kogi ya zo na ɗaya. Ƙanwata ta tambaya ko ta gyara mata lissafin. Na ce ta bar ta.